Jakar da Inna Ta Ƙi Ratayawa

Shekara goma sha ina leƙen ƙwari a labo, ɗakin bincikenmu, har mahaifiyata ta raɗa mani suna Sarkin Tsutsa. Aikina murzuna ne, tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi tun tana tsaye a gona. Muna kiwon wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari masu kashe ta, mu zuba su cikin ƴar jakar algarara, a rataye a gona, su fita su yi aikinsu.

Duk damina ni da kaina nake zuwa garinmu Jiratawa in rataya wa Inna tata a jikin gawon gonarta. In na gama sai mu zauna bakin kunya, iska tana kaɗa hatsi, ita tana ba ni labarin mutanen da sunka rasu kamar jiya ta gan su a kasuwa. Wani lokaci har barci ya ɗauke ni. Wallahi ban san wani daɗi da ya kai wannan ba.

Sai anka ba ni shugabancin jami'a. Ai fa shi ke nan! Taro, takarda, sa hannu. Ina zaune a buro, wani yana ta zuba bayani, ni kuwa kunnena yana jin motsin ganyen hatsi. Da lokacin jaka ya yi, na ba direba ya kai mata, na ce a rataye ranar. Har ina yaba wa kaina, wai na iya tsara aiki.

Da kaka ƙanena ya kira ni, ya ce murzuna ta yi wa gonar Inna kaca-kaca, ko rabin rumbu ba za a cika ba. Raina ya ɓaci. Na tafi a fusace, ina shirin cin mutuncin direba.

Na iske Inna tana sheƙar ɗan abin da ya samu. Ta shiga ɗaka, ta buɗe akwatin zannuwanta, ta ɗauko jakar, ɗaurinta ko kwancewa bai yi ba.

Na ce, "Haba Inna! Ba ki san amfaninta ba ne?"

Ta ce, "Na sani sarai, Sarkin Tsutsa. Cewa na yi in ka ji ba a rataya ba, za ka taho."

"To, hatsin fa?"

Ta ci gaba da sheƙarta. "Hatsi ai baɗi ma ana shuka shi. Ni ce ban sani ba ko ina nan."