Garin Norhana da ban taɓa gani ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Norhana, 'yar Filifin ɗin da muka daɗe muna ɗinkin abaya tare a wani shago a unguwar Rusaifa, nan Makka. Ni ke yanka, ita tana kan keke. Yanzu idona ya yi rauni, baya kuma ba ya barina in daɗe a zaune, amma duk sanda lokacin rasuwarta ya zagayo sai garinsu ya faɗo mini a rai.

Ƙaramar hukuma ce a tsaunukan Mindanao, ta Musulmi manoman masara da kwakwa. Ta ce da can gefen wani babban gari ne kawai. Sai mutum ya yini yana tafiya kafin ya kai inda ake rubuta haihuwa, in ruwa ya yanke hanya kuma sai haƙuri. Kakanninta ne suka yi ta kai kuka har aka yanka musu nasu, aka raɗa masa sunan rafin da suka fara sauka a bakinsa. Ƙasa har ta yi yawa, mutane ne babu.

Na taɓa tambayarta me take kewa a wurin da ba kowa. Ta ce da Larabcinta mai gargada, "Ummu Faisal, a can ko tari na yi an san ni ce."

Burinta ta koma ta koya wa 'yan mata ɗinki don su daina fita neman aiki. Kullum sai baɗi. Kana naka, Allah na nasa. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, aka sallace ta a Harami, aka binne ta nan Makka. Kekenta na aika wa 'yarta Amina, kamar yadda ta roƙe ni a asibiti.

Bara Amina ta kira ni daga Riyad, inda take aikatau. Ta ce keken na can gida a lulluɓe, an haɗe makarantar ƙauyensu da wata saboda ƙarancin yara, tsofaffi ne suka rage da jikoki. Da Norhana na raye, ba na jin za ta yi mata faɗa, ita ma haka ta fito. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ni a unguwar Tandabawi ta nan Makka aka haife ni. Kakana a ƙafa ya zo daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, ban kuwa tambayi sunan ƙauyen ba sai da masu sani suka ƙare. Norhana ba ta yi wannan sakaci ba. Ba ta gina komai a garinsu ba, amma ba ta gaji da ba da labarinsa ba har ya zauna a kaina.

Kafin mu ajiye waya Amina, da ke kirana Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala, tun ina ƙarama ta tafi. Ta taɓa gaya miki yadda aka kafa garinmu?"

Na gyara zama, ni Bahaushiyar Makka, na fara mata tun daga farko. Allah ya jiƙan Norhana.