Allon Ƙofar Auta

Ni kam da Turancin ofis na fara, kafin na makaranta. Lokacin da tsararrakina ke koyon sunan kyanwa da kare, ni na riga na san Darakta, na san Akanta, na san Sakatare, domin a tsakar gidanmu ake shanya su. Baba ya jera su jikin bango su sha iska, Inna kuwa ta yi ta korar kaji kada su taka Manaja.

Sana'ar Baba ke nan, rubuta allunan ƙofofin ofis. In an yi wa mutum ƙarin girma a ma'aikatar gwamnati, ko wani kamfani ya buɗe sabon reshe, sai a turo masinja da 'yar takarda, Baba ya mayar da abin da ke cikinta kan katako, farin fenti a kan baƙi. Mai Buroshi ake ce masa a layinmu, manya da yara. Shagonsa ɗaki ne a bakin titi, tsakanin kafinta da mai gyaran rediyo, ƙofar bayansa ta ɓulle cikin gida. A ciki akwai benci, da gwangwanayen madara cike da buroshi a jiƙe cikin kananzir, da wata sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda yake dafa hannu a kanta in yana rubutu. In ya zo lanƙwasar harafi sai ya riƙe numfashi har ya fita. Inna takan ce ita ba ta san ƙanshin mijinta ba, kananzir ta aura.

Baba bai yi boko ba. A wurin maigidansa ya koyi haruffan, da ido da hannu, kamar yadda tela ke koyon yanka. Amma yana da wata ƙa'ida da ta sha haɗa shi da masinjoji: ba ya rubuta muƙamin da bai san aikinsa ba. Sai ya riƙe takardar nesa da fuska ya ce, "Shi kuma wannan me yake yi?"

"Mai Buroshi, kai dai rubuta, sauri ake yi."

"Saurin me? Mutum zai zauna a bayan rubutuna shekara da shekaru, a ce ban san abin da yake yi ba?"

Dole masinja ya zauna a benci ya yi bayanin abin da ya sani, wani lokaci har da wanda bai sani ba. Da haka Baba ya tara Turancinsa ɗai ɗai, ya kuma yi wa kowace kalma fassara irin tasa. Manaja, in ji shi, shi ne wanda ake yi wa tsawa daga sama ya sauko da ita ƙasa. Odita shi ne wanda ƙofarsa ba ta tsufa, don ba mai son ƙwanƙwasa ta. Kwamiti kuwa ɗaki ne da ake shiga da magana a fito da ranar wani zaman. Akwai wadda yake faɗa Famanan, da aka ce masa tana nufin dindindin, ana sa ta gaban Sakatare. Ita ta fi ba shi dariya, don ya ce duk cikin allunansa babu wanda ya fi yawan sakewa kamar wannan.

Kalma ɗaya ce ba ya so, ta sashen mulki, wadda in ka faro ta daga wannan gefen allo sai ka kai wancan ba ta ƙare ba. Jirgin ƙasa yake kiranta. Da masinja ya kawo ta sai ka ji ya ce, "Jirgi ya iso," ya leƙa ya ce wa kafinta a ƙaro katako.

Sai kuma Aktin, wato mai riƙon ƙwarya, wanda aka ba kujera kafin a tabbatar masa da ita. Wannan ba ya rubuta ta a jikin babban allo. Ƙaramin katako yake yi mata daban mai ƙugiya biyu, ya rataya a sama. "Baƙuwa ce," yakan ce, "ba a gina mata ɗaki." Ranar da aka tabbatar wa mutum, Baba da kansa zai wanke hannu, ya sa rigarsa mai kyau, ya hau keke ya je ya cire ta, ya ce, "Allah ya sanya alheri, ya fid da kai kunya." Ba wanda ya sa shi. Wasu su leƙo su ce amin, wasu ma ba su san ya zo ba, daga nan ya juyo gida. Yakan ce ya san ƙofofin manya kamar yunwar cikinsa, amma ta waje, bai san ko launin kujerun ciki ba. Ba da ƙorafi yake faɗa ba, ni ce dai abin ke ɗan sosa wa rai.

Ni ce auta, kuma cikinmu ni karatu ya fi karɓa. Tun ina firamare, in na kawo sakamako, sai ya goge hannu da tsumma kafin ya karɓa, ya ce, "Auta, sai na rubuta ƙofarki. Amma don Allah, duk abin da za ki zama, kada ki hau jirgin ƙasa."

Na gama karatu na sami aiki a wata ma'aikata. Aka ajiye ni a babban ɗaki, tebura birjik, fanka ɗaya, ƙofarmu ba allo sai wata takarda da aka manna da gam. Na yi aure, na haihu, na fara furfura a gefen kunne, takardun ƙarin girmana suna ta yawo daga tebur zuwa tebur. In na je gida Baba ba ya tambaya da baki. Fuskata yake duba, ni kuma in girgiza kai, sai ya ce in ci abinci.

Ana nan inji ya zo. Aka koma buga alluna na roba masu ƙyalli, kowanne kamar ɗan'uwansa, ba ka ganin hannun kowa a ciki. Har yau haushinsu nake ji, ba zan ɓoye ba. Masinjoji suka ɗauke ƙafa. Baba ya koma rubuta lambar gida da sunan shagon aski.

Hannun Baba ne ya tayar mana da hankali, ya fara rawa. Inna ce ta fara lura, da ta ji kofin shayi yana kaɗawa a kan faranti. Likita ya ba da magani, ya kuma gaya mana gaskiya: zai rage, amma ba zai tsayar ba, abin gaba zai yi ta yi. Da sassafe hannun yakan lafa, kafin rana ta yi tsaka ya koma rawa. Tun daga nan tsoro ya shige ni. Takarduna na tafiyar hawainiya a ofis, ciwon Baba na gudu a gida, shi kuwa alkawarinsa na tsakiya.

Ranar da aka kira ni aka ce wani Darakta ya yi ritaya, ni zan riƙe kujerarsa, ban ko koma teburina ba, gida na nufa. Na same shi a benci yana sauraron rediyo, Inna na tsintar shinkafa a bakin ƙofa.

"Baba, an ba ni ƙofa."

Ya kashe rediyon. "Wace iri?"

"Darakta. Amma riƙon ƙwarya ne tukuna."

"Na wane sashe?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Inna ce ta fara ganewa, ta ajiye faranti ta fashe da dariya.

"Haba Auta!" in ji Baba. "Duk motocin da ke duniya, sai jirgin ƙasa?"

Ya yi dariya har da hawaye. Sai ya dubi hannunsa a kan gwiwa, dariyar ta tsaya. Na ce masa kada ya wahalar da kansa, ya bari a tabbatar mini tukuna, lokacin ya ƙara samun sauƙi. Ni kaina na san ƙarya nake yi.

"In jira?" ya ce. "Hannun nan ya gaya miki zai jira?" Ya ɗaga murya ya kira kafinta.

Kullum da sassafe yake yi, harafi biyu ko uku, kafin rawar ta tashi. Sandar dafa hannu ba ta wadatar ba, sai ga Inna, wadda tun aurensu take ƙorafin kananzir, ta jawo kujera ta zauna gefensa ta tallafe masa gwiwar hannu. Nakan biyo kafin in wuce ofis, in tsaya bakin ƙofa ina jin su.

"Cewa na yi ki riƙe, ban ce ki tuƙa ni ba."

"To ka yi shiru mana. Da can ba numfashi kake riƙewa ba? Yanzu sai surutu."

"Da can ba a zauna mini a kan haske."

Da haka sunana ya fito, Darakta ya fito, jirgin ƙasa ya fito da dukan taragunsa. Wanda bai sani ba ba zai ce hannu mai ciwo ne ya yi ba. Amma aikin ya ci makonni, kuma kafin a zo kan ƙaramin allon Aktin hannun ya ƙara lalacewa, har da safen ma ba ya lafawa. Harafin farko ya jingina da na biyu, na ƙarshe ya zame ƙasa. Ya goge da kananzir ya sake, ya fi na farko muni. Ya daɗe yana kallonsa.

"Bar shi haka," ya ce. "Ai baƙuwa ce."

Ranar ya wanke buroshinsa duka, ya shanya, ya naɗe su cikin tsumma. Tunda nake ban taɓa ganin gwangwanayen nan ba komai a ciki ba. Na shiga ɗakin Inna na yi kukana, na wanke fuska na tafi aiki.

Kafinta ne ya je ya kafa mini allunan a ƙofar ofis. Jami'in da ke kula da gini ya zo da ladabinsa ya ce, ranki ya daɗe, ƙa'ida ita ce duk alluna su zama iri ɗaya, na roba. Na tambaye shi wane sashe ne ke kula da wannan ƙa'ida. Ya ce na mulki. Na nuna masa jirgin ƙasa, ya karanta, ya yi murmushi ya tafi.

Tabbatarwar ba ta zo da wuri ba, sai da shekara ta kusa zagayowa. Lokacin Inna ce ke ɓalla wa Baba maɓallin riga. Na yi niyyar in cire ƙaramin allon da kaina in kai masa gida, don in hutar da shi. Da na faɗa, ya dube ni kamar na zage shi.

"Wa kika taɓa ji ya cire wa kansa? Inna, ina rigar nan tawa?"

A motata na ɗauko su. Ya ƙi hawa lif, ya ce bai san shi ba. Muka bi matakala a hankali, yana hutawa, yana duban allunan roba a kan hanya. Ma'aikata sun ji labari, suka firfito suka tsaya jikin bango. Da muka iso ƙofata ya tsaya ya kalli aikinsa daga sama har ƙasa, sannan ya miƙa hannu.

Ƙugiyoyin suka ƙi fita. Hannun na rawa, ƙaramin allon na bugun ƙofa, ƙwas ƙwas ƙwas, kowa na ji. Na matsa zan taimaka, Inna ta harare ni, irin hararar da na sani tun ina yarinya. Ta sa hannu ta tallafe masa gwiwar hannu. Na ga ya riƙe numfashi. Allon ya fito.

"Allah ya sanya alheri," ya ce, "ya fid da ke..." Mutanen da ke tsaye suka ce amin gaba ɗaya.

Ya dubi karkatattun haruffan, ya yi sauri zai tura aljihu. Na riƙe gefen katakon na ce, "Baba, wannan nawa ne." Ya ce ai bai yi kyau ba. Na ce na sani, a ba ni abina. Ya sake mini. Yana cikin jakata har yau.

Na buɗe ƙofa na ce su shigo. Inna ta shige abinta. Shi kuwa ya tsaya a waje, ya ce in shiga in rufe.

"Baba, ai a buɗe take."

"Na gani. Ki rufe dai."

Na shiga na rufe, na zauna a kujerata, Inna na gefe tana share ido da bakin mayafi. Sai muka ji ƙwanƙwasawa a hankali. Na ce, "A shigo."

Ya turo ƙofa ya shigo. Ya dubi labule, ya dubi kabad ɗin fayiloli, ya shafa bayan kujerar baƙi. "Ashe launinta kore ne," ya ce. Ya zauna, ya gyara riga, ya ɗora hannunsa mai rawa a kan teburina.

"To, Darakta," ya ce, "duk abin da na sani a bakin masinjoji na ji shi. Yau ga ni ga mai ƙofa. Gaya mini, me kike yi a nan?"

Na ce wa sakatarena kada a bar kowa ya shigo, a kawo shayi, kada a cika kofin. Sannan na jawo kujerata kusa da tasa na fara yi masa bayani.