Rabin Kujerar Yero

A gyara zama, a rage rediyo, mai shayi ya dakata da fifita. Ga Yero ɗan Inna, Sarkin Yashin Waca, Gwamnan Sitiyari, mutumin da ya shigo tashar Magaria da motar da ta fi shi yawan magana. In kun taɓa ganin wani dogo siriri da shuɗin rawani, jingine da farar mota yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura, to shi ne. Sarautun nan babu wanda ya naɗa masa su, kuma da za a kira shi da su ko waiwayowa ba zai yi ba.

A wata ruga bayan Kwaya aka haife shi, gidan da ake noma gero da damina, a bi shanu da rani. Lakkwal kuwa, wato makarantar boko, ya leƙa ta, ta leƙa shi, suka rabu lafiya. Tun yana bin garke, in motar kasuwa ta wuce sai ya saki sanda ya bi ta da ido har ƙararta ta ɓace. Ya yi yaron mota ya gaji, ya koyi tuƙi, ya riƙe motocin mutane. Da aka raba gadon mahaifinsu, ya kaɗa rabonsa na shanu kasuwa, ya aika Kwatano aka kawo masa mota. Inna ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Wannan ce za ta haihu?" Ya ce a'a. Ta koma wajen ƙwaryarta.

Motar ba irin ta tasha ba ce. Ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Abin takawa biyu ne kawai, totur da wani faffaɗan birki. In ba a rufe ƙofa da kyau ba sai ta yi ta kuka. Tsofaffin direbobin layin Waca, masu motocin da ake tayarwa da turi a kashe da addu'a, suka kewaye ta suna taɓe baki.

Yanzu ga yadda ake loda mota a layin nan, don wanda bai taɓa shiga ba. A cika baya, a cika gaba, a buɗe but a ɗaure murfin da igiya, mutane su zauna ƙafafu na lilo. Sannan direba ya matsa ciki, ya bar rabin kujerarsa ta wajen ƙofa. Wannan wurin na 'yan gida ne: direban da motarsa ke gareji, ko Baba Sirajo, tsohon direban da ke riƙe da layi, wanda shi ke cewa wane ya yi lodi wane ya jira. Sai in babu ɗan gida mai tafiya ake ba baƙo. Haka aka tarar, haka Yero ya bi.

Ranar da abin ya fara, wani direba ne a gefensa. Suna cikin hawan yashi mota ta saki jiki. Yero ya danna totur har ƙasa, ita kuwa tana jan ciki kamar jakin da aka ɗora wa dutsen niƙa. Wata fitila rawaya mai kama da butar shayi ta kunnu a gabansa. Fasinjoji suka sauka suka tura. Can gaba ta warke, ta yi gudu kamar ba ita ba. Washegari fitilar ta mutu don kanta.

Daga nan ta mai da shi sana'a. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi ta kwanta masa a tsakiyar hanya. Bello bakanike ya canza buji, wato fulogi, ya canza matatar mai, ya ce laifin man kwalba ne na 'yan ruwa-ruwa. Yero ya daina shan man kwalba, ba ta daina ba. Ya kai ta Damagaram aka jona mata na'ura, aka zagaya gari da ita babu kowa a ciki, ta yi ta tashi kamar barewa. Da Yero ya dawo, Bello ya yanko baƙin salatif ya miƙa masa.

"Liƙe fitilar, ka huta da ganinta."

"In na liƙe, ita ma ta huta?"

"Kai dai ka huta."

Yero ya liƙa salatif ɗin a kujerar Bello ya fita.

Abin haushi, motar ba ta taɓa yin abin kunyarta a gaban manomi ko mai tallan goro ba. Sai ta ga direba a ciki. Kowane ya sauka da labari, kowane ya ƙara gishiri. Aka sa mata suna Hajiya Sai-ta-ga-dama. Wasu suka ce motar masu kwalta ce, ba ta san yashi ba. Wasu suka ce mai ita na farko a ciki ya mutu. Fasinja ya zo, ya ga Hajiya ce a kan lodi, sai ya tuna yana da sauran cefane.

Wata safiya Baba Sirajo ya kira shi ƙarƙashin rumfa, gaban kowa.

"Ɗan Fulani, motarka na ɓata mana suna. Ka sayar, ka nemo irin tamu mai jin magana."

"Ba ta sayarwa ba ce, Baba."

"To ka koma kiwo da ita."

Aka yi dariya. Yero bai yi ba. Shanun da zai koma wajensu suna cikin motar nan, tayoyi huɗu da fitila mai kama da buta. In aka cire shi daga layi, babu garke, babu lodi, sai idon Inna.

Baba Sirajo ya ce, "Ran kasuwar Waca da kaina zan shiga. Ta kai mu lafiya, ka zauna. Ta kwanta, ka bar mana layi. Kowa ya ji?"

"Na ji," in ji Yero. "Ka zo da wuri, ba na jira."

Ran kasuwa aka loda Hajiya har wuya, yawanci 'yan kallo. A but akwai Kande, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa ƙin motar Yero ba don ta ce ita kaɗai ce ba ta zubar mata da kaya. Angona take kiransa. Baba Sirajo ya tattare babbar riga ya shige rabin kujera, ya rufe ƙofa da ƙyar.

Tafiya ta miƙa. Mota na gudu sumul, Baba Sirajo na gyaran murya don bai sami abin kushewa ba. Sai ga hawan yashin nan. Tsoho ya miƙe zaune, ya ƙura wa hanya ido, hannunsa na motsi a iska kamar yana neman giya.

Hajiya ta saki jiki. Butar shayi ta kunnu.

"Alhamdu lillahi, a gaban shaidu," in ji Baba Sirajo.

Yero ya danna totur har yatsunsa suka yi zafi. Zufa ta jiƙa rawani. A ransa ya riga ya rantse ko a kai zai ɗauke ta sai ta hau tudun nan.

Daga can baya muryar Kande ta ratso.

"Angona, kai kuma wane irin tuƙi ne wannan? Ana hawa kana taka birki?"

"Ban taka ba, Iya."

"To wa ya kunna jar fitilar nan da ke gefen gwiwata? Tun ƙasan tudu take ci."

Yero ya sunkuyar da kai. Ƙafarsa ta dama na kan totur. Ta hagu na naɗe inda ya saba naɗe ta don ya ba baƙo wuri. A kan faffaɗan birkin kuwa, ga wani tsohon takalmi sau-ciki ya kwanta abinsa.

Ya tsayar da mota, ya kashe.

"Baba, ƙafarka."

"Ƙafata me?"

"Tana kan birki."

Baba Sirajo ya duba, ya janye ta da sauri kamar ya taka garwashi. "Ni? Ni da nake tuƙi tun ba a yi auren uwarka ba?"

"Shi ya sa. Kuloci take nema."

Wani a baya ya fashe da dariya. Ashe duk direban da ya zauna a wurin, da ya ga yashi sai ƙafar hagu ta tafi aikin da ta saba, ta tarar babu kuloci, ta kwanta a kan abin da ta samu. Motar kuwa an yi ta ne in ta ji birki da totur tare, ta bi birki ta rage wa inji ƙarfi. Manomi in ya zauna nan, tattare ƙafafu yake don tsoron taɓa wani abu. Gwanaye ne kaɗai ke kwantar da ita.

"Ƙarya ne," in ji Baba Sirajo. "Motarka ce mai ciwo."

"To mu gwada. Ka koma but."

"Ni ne zan shiga but?"

"Ko ka jira ta bayanmu. Ba ta da nisa, in ta tashi."

Kande ta matsar da kwanonta. "Zo nan, Alhaji, ba abin takawa a wajenmu."

Haka mai riƙe da layin Waca ya shiga kasuwa ƙafafu na lilo, da kwanon ƙuli-ƙuli a cinya. Hajiya ta haye tudun ko tari babu.

Da suka dawo Yero ya kafa tasa doka: ba ya ƙara raba kujera da kowa, ɗan gida ko baƙo. Rumfa ta ɗauki surutu. Aka ce ya karya al'adar tasha, aka ce asarar mutum guda zai riƙa yi kowace tafiya, aka ce girman kai ne. Baba Sirajo ya ce layi ba ya ɗaukar mai doka biyu.

"Cewa ka yi in ta kai mu lafiya in zauna," in ji Yero. "Ta kai ka. Kowa ya ji, kai ka tambaya."

Babu wanda ya ce bai ji ba. Yana nan a layi har yau, shi kaɗai a kujerarsa kamar prefe mai mulkin yanki, fitilar kuma ba ta sake kunnuwa ba. Sunan Hajiya ne dai ya ƙi fita.

Mai ba ku labarin nan ya same shi kwanan baya a jingine da ita, ya jero masa sarautunsa kaf, ya ce duniya na jiran ta ji yadda ɗan ruga ya gagari tasha guda, me zai ce wa jama'a?

Yero ya dube shi, ya dubi mota.

"Saura mutum ɗaya a but. Za ka, ko surutu ka zo yi?"