Ranar da Najiba Ta Ƙi Sauka Daga Gadon Awo

Ranar da aka yi rabon kunya a Unguwar Labo, can bayan Maska, Najiba tamu ce ta riga kowa zuwa, kuma da buhu ta zo. Ta kwashe rabonta, ta haɗa da na maƙwabta. Tana ƙarama aka taɓa sako shanun huɗa daga gona, wani bijimi ya taka mata ƙafa ya tsaya a kai yana tuƙa, ita kuwa ta yi shiru tana jira ya gama tunaninsa. Da ya ɗaga kofato sai ta ce masa sannu. Har yau ɗan yatsan a karkace yake, wanda bai yarda ba ya je ya duba, in ta bari.

Da ta isa talla aka ɗora mata farantin awara. Sauran 'yan mata na kwarara kira har makogwaro ya dushe, ita sai ta tsaya gindin ɗorawa kamar an dasa ta. Mai saye sai ya buɗe murfi da kansa kafin ya san abin da ake sayarwa. Amma fa kafin la'asar farantin ya koma wayam, don hannunta na da albarka. Awararta laushi, yajinta na ƙuli da citta, akwai masu tasowa daga Tsiga a kan babur saboda ita. Mutum ɗaya kawai take wa hira a duniya, ƙawarta Maijidda, mai ƙosai, wadda ke yi musu kiran talla su biyu.

Awaisu, manomin masara da waken suya, mai haya da babur in rani ya yi, shi ya fito neman aurenta. Zancensu abin kallo ne. Shi ke magana, shi ke ba kansa amsa, ita kuwa tana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Kafin a ɗaura aure ramin da ta haƙa a ƙofar gida ya isa dashe, aka sa mangwaro a ciki, ga shi nan yanzu har ya fara inuwa. Amma kada wani ya ce ba ta so. Da hannunta ta ɗinka masa hula, ta aika masa a cikin kwanon awara, an rufe da ganye.

Uwar mijinta, Inna Tasalla, irin matan nan ce da in ta yi atishawa a Maska sai an amsa mata a Bakori. Son Najiba take kamar ita ta haife ta. Duk gidan biki sai ta ce, "Ni dai Allah ya ba ni suruka. Shekara guda muna gida ɗaya, ban san kalar haƙoranta ba."

Sai ga ciki. To kowa ya san cikin fari ba a faɗinsa. Mai shi ba ta ambatonsa, ba ta kukan ciwonsa, balle a gaban uwar miji. Najiba ta ɗauki wannan al'ada ta ƙara mata gishiri. Cikin ya girma har yana riga ta shiga ɗaki, amma in ka tambaye ta sai ta ce tuwon masara ne ya karɓe ta.

Sai dai akwai abin da ke cin ranta, ba wanda ya sani. Bara waccan Maijidda ta rasu da cikin fari. Fuskarta ta kumbura, ta yi shiru yadda ake so, rannan tana daka ta faɗi tana jijjiga, kafin mota ta kai titi rai ya yi halinsa, ita da abin cikin. Mutane suka ce iska ce. Najiba kuwa ita ce ta taya Maijidda zare zobe da sabulu kwanaki kaɗan kafin nan, lokacin da ya ƙi fita daga yatsa. Yanzu ga nata zoben ya fara nutsewa cikin nama.

Awo kuwa tana zuwa, Awaisu bai yi wasa da wannan ba. Yakan ɗauko ta da Inna Tasalla a babur zuwa wani ɗan asibiti da ke tsallaken rafi, ya ajiye su ya koma gindin bishiya wurin maza. Ungozoma ɗaya ce a wurin, Sista Sa'adiya, ga mata cike da baranda kamar ranar kasuwar Funtua. Kullum da safe sai ta tsaya ta yi musu jawabi tana tafa hannu.

"In kin ga fuskarki da hannunki sun kumbura, ko kai na sarawa, ko kina ganin ƙyalli-ƙyalli a ido, ki faɗa mini! Hawan jini ne, shi ke kawo jijjiga. Ni ba 'yar duba ba ce, sai an faɗa mini nake sani. Kun ji?"

Mata su ce, "Mun ji, Sista!"

Amma in aka shiga ɗaki labari ya sha bamban. Sista ba ta ɗaga kai. Ta latsa ciki, ta kara kunne, ta miƙo jajayen ƙwayoyi, ta ce, "Akwai matsala?" Kafin Najiba ta haɗiye yawu Inna Tasalla ta amsa daga bakin gado, "Lafiyarta lau, Malama, ko tari ba ta yi." Sista ta ce, "Na gaba!" Shi ke nan, an gama awo. Kaza ma in za a saya an fi juya ta. A kan tebur akwai abin awon jini, wanda ake ɗaurawa a dantse, yana nan ƙura ta yi masa rawani. Tun da Najiba ta fara zuwa ba a taɓa ɗaura mata shi ba, ko sau ɗaya, kuma ta lura.

Da ciki ya shiga wata takwas, silifas ɗinta suka ƙi shiga. Kai na sara mata kamar ana faskare a ciki. Inna Tasalla ta ga ƙafafun ta yi guɗa.

"Namiji ne! Haka na yi da Awaisu, ƙafata kamar turmi. Ki dinga shan kunu, 'yar nan."

Najiba ta yi ƙoƙari ta bi ta kan miji. Wata rana ya dawo daga karyar masara, ta ajiye masa ruwa, ta juya masa baya tana kallon bango.

"Malam, wata ce na sani. Hannunta ya kumbura, kanta na ciwo, tana ganin wuta-wuta."

Awaisu ya kurɓi ruwa ya ce, "Ayya. Allah ya ba ta lafiya. Mijinta fa, me yake yi bai kai ta asibiti ba? Wasu mazan dai sai a hankali."

Ya tashi ya tafi ɗaure buhuna. Wannan shi ne mijin da ta ɗinka wa hula.

Ranar awo ta zagayo. Tun a kan babur take ganin ganyen dawa na rikiɗa yana walƙiya. Ta zauna a benci ta saurari jawabin Sista, ta ji an lissafo duk abin da ke jikinta kamar an leƙa. Layi ya zo kanta, ta hau gado, aka latsa, aka kara kunne.

"Akwai matsala?"

"Lafiyarta lau, Malama."

"Na gaba!"

Najiba ba ta sauka ba. Ta tashi zaune dai, ƙafafu na lilo, idonta a kan zoben nan. Ta tuna kumfar sabulu a yatsan Maijidda, da yadda suka yi ta dariya ranar.

Inna Tasalla ta ce, "Taso mana, 'yar nan, mutane na jira."

Sai Najiba ta buɗe baki. Waɗanda ke baranda sun ce kwanon rufin asibitin sai da ya motsa. Wata ta ce jaririn da ke bayanta ya daina kuka ya juyo.

"Ciki gare ni!"

Sista Sa'adiya ta ɗago kai a karon farko, ta ce, "To ai mun gani, amarya. Da me kike tsammani muke latsawa?"

"Na fari ne. Kuma ba lafiya lau nake ba. Kaina kamar zai tsage, idona na ganin wuta, zobena ya ƙi fita. Kin ce a faɗa miki, to na faɗa." Ta zare hannu daga cikin hijabi ta miƙa shi har kusa da hancin Sista. "Wancan abin, ba ki taɓa ɗaura mini ba. Ba zan sauka ba sai kin ɗaura."

Inna Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska. "Innalillahi! A gabana? Najiba, ke ce kuwa, ko wani abu ya hau ki?"

"Ni ce, Inna. Ki yi haƙuri. Ba na so in bi Maijidda."

Ran Sista ya ɓaci, ba za a ɓoye ba. Ta ce abin ya lalace tun kafin azumi, ta kai ƙara har ta gaji, ita kaɗai ce a kan mata fiye da gashin kanta, kowa kuma ta tambaya sai a ce lafiya lau, to ita ta yi yaya? Tana cikin faɗan ne idonta ya sauka a fuskar Najiba sosai. Ta kama hannun ta juya, ta danna yatsa a ƙwaurinta, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, kamar an danna tuwo.

Ta fita da gudu, farin takalminta na tashi sama, ta tsallaka hanya zuwa kemis, ta aro abin awon jininsu na hannu mai famfo. Ta ɗaura, ta matsa, ta saurara. Ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sannan ta dubi Inna Tasalla.

"Mama, ina mijinta?"

"Yana gindin bishiya. Malama, ba namiji ba ne ya kumbura ta?"

"Mama, jininta ya hau sosai. Da ta koma gida yau, ban san abin da za a dawo mini da shi ba. Funtua za ku, babban asibiti, yanzu. Kuma a mota, kada a sa ta a babur."

Mayafin da Inna Tasalla ta rufe fuska da shi, da shi ta ci ɗamara. Ta fito baranda ta ƙwala wa Awaisu kira, har awakin tsallaken rafi suka watse. Ya taso a guje, hula a hannu.

"Inna, lafiya? Wa ya faɗi?"

"Matarka ce ba lafiya, sakarai! Hannu a kumbure, kai na ciwo, kana gida ɗaya da ita!"

Awaisu ya tsaya baki buɗe. "Au! Wai ita ce watar da take ba ni labari?"

Sista ta ba Najiba ƙwaya, ta yi mata allura, ta kira Funtua a waya ta ce ga mai ciki nan tafe, a shirya. Inna Tasalla ta tsaya tsakiyar hanya ta tare wata mota da ta ɗauko buhunan masara, ta sa direba ya sauke mutanen gaba. Ya fara gardama, ta dube shi sau ɗaya, ya ce Hajiya bismillah. Da za su tashi Sista ta leƙo ta taga, gumi na zuba.

"Ke ma da kin faɗa tun tuni, amarya."

Najiba ta ce, a hankali yanzu, don muryar ta koma inda ta fito, "Inna kike tambaya, Sista. Ba ni ba."

Sista ta buga jikin motar ta ce direba ya ja.

A Funtua aka kwantar da ita, aka yi ta fama da jinin 'yan kwanaki, da likita ya ga jira ba zai yi ba aka sa mata ruwan naƙuda. Ta haifi mace. Namijin Inna Tasalla ke nan. 'Yar ƙarama ce, sai ka sa ta a kwanon awara ka rufe, amma muryar kakarta ta ɗauko, ranar da ta fara kuka masu gadi sun ɗauka gobara ce. Aka sa mata Aisha Humaira.

Ranar suna Inna Tasalla ta canza waƙa. Duk wadda ta shigo sai ta riƙe mata hannu. "Kin ji abin da surukata ta yi? Ta ce ba ta sauka! Gaban Malama, gaban kowa! Ni na ce mata ta faɗa, ai." Ba wanda ya ƙaryata ta, ana son a ci tuwon suna lafiya.

A ɗan asibitin nan kuwa an gyara abin awon jini. Sista Sa'adiya ta sa benci a waje, ta ce na iyayen miji ne, daga nan ba mai wucewa. Mai ciki ita kaɗai ke shiga, a rufe ƙofa, a tambaye ta ido cikin ido. Har yanzu Sista na da faɗa, har yanzu layi har bakin rafi, amma matan Unguwar Labo tun kafin su zauna sun zare hannu daga hijabi.

Najiba ta koma awararta, ta koma shirunta. Sunan 'yar fari ba ya fita bakinta, sai dai "waccan mai kukan". In muka tsokane ta muka ce Hajiya mai jawabi, a maimaita mana abin da aka faɗa wa Sista, sai ta ja hijabi har hanci ta hau tonon ƙasa da yatsa.

"Ni? Ni ban ce komai ba."

Awaisu ya ce a bar ta ta ci gaba da tonon, yana da wani dashen mangwaro.