Kwanon Verna Ya Dawo Wayam

A ɗan garin nan namu na yammacin jihar Minnesota a Amurka ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. In an kawo maka abinci ranar rasuwa ko haihuwa, sai ka wanke kwanon, ka sa wani abu a ciki, ko burodin ayaba ne ko tumatirin lambu, sannan ka mayar. Shi ya sa kowace mace ke manna filasta a gindin kwanonta da sunanta a kai. Na Verna Skogen bai taɓa buƙatar suna ba. Shuɗin tangaran ne mai faɗi, kunnensa ɗaya ya guntule tun zamanin uwarta, kuma babu gidan makokin da bai shiga ba ɗauke da gasasshen dankali da niƙaƙƙen nama.

A gona aka haife ta, a gona ta auri Orval, manomin masara mai ƙarancin magana. Ta yi girki a makarantar firamare har gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta koma girkin jana'iza a coci. Abu biyu ta gada wurin ubanta: baƙo ba ya barin gidanka da yunwa, kuma ba a tambayar mutum abin da ke cikin kansa. Mutanen nan ladabi suke kiran na biyun. Ladabin banza ne, tsoron faɗin gaskiya ne aka yi wa wanka aka sa masa riga.

Bayan rasuwar Orval, ranar Lahadi ce ta riƙe ta a duniya. 'Yarta Lorna kan zo da mijinta Efrain, mai gyaran lantarki a masana'antar yankan talotalo, wanda iyayensa suka zo da shi daga Mexico yana goye. Su zo da 'yarsu Noemi, da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Yarinyar kan hau ƙaramar kujera a kicin tana jera dankali a saman naman, tana cin ɗaya tana jera ɗaya.

"Ke ɓarauniya, na gan ki," in ji Verna.

"Kaka, ɗanɗanawa nake. Ke ma kina yi in kin juya baya."

Duk mako Verna wannan sa'ar take jira.

Ɗanta Royce kuwa ya dawo daga rijiyoyin mai na Dakota ba aiki, ba budurwa. Ya shige ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan shi da waya da kwalba, sai dai a ji tarinsa. Verna ta yi addu'a har ta gaji. Sai wata bazara ya zubar da giya, ya aske kai, ya soma gudu da safe, ya kuma roƙe ta tsohon garejin taraktar babansa wai shi da abokansa za su riƙa motsa jiki da koyon dambe. Ta ba shi makulli tana hawayen murna.

Samarin suka soma zuwa duk Asabar, kowa daga garinsa, wasu tafiyar rabin yini. A waya suka san juna, wasu ma ko sunan gaskiya na junansu ba su sani ba. Ga ladabi kamar me. Su cire hula su gaishe ta, su gyara mata shinge, su kwashe mata ƙanƙara a ƙofa. Ita kuwa 'ya'yan mutane suna gumi a gidanta, ina za ta bar su da yunwa? Da azahar sai ta ɗauki shuɗin kwanon da tsumma biyu ta kai musu.

"Mama, ke ce uwar al'umma," in ji wani dogo mai jan gemu. "Irinku ne muke karewa."

"Ku dai ku ci kafin ya huce," ta ce. Ba ta tambayi wa ake kare ta daga gare shi ba.

Ta ga sun rataye wani ƙyalle mai baƙon zane a bango, ta ce a ranta na 'yan wasa ne. Ta lura Royce ya daina hawowa teburin Lahadi in Efrain na nan, ta ce gajiya ce. Ranar da ya hawo kuwa, da bai hawo ba ya fi.

"A'a, yau sarkin dambe ya tuna da mu," in ji Lorna. "Zo ka zauna, ƙanena, kafin ƙwanjin nan ya fashe."

"Yaya, kin iya surutu." Ya dubi Efrain. "Suruki, yaya 'yan uwanka a masana'anta? Na ji sun kusa sa talotalon ma su daina jin Turanci."

Efrain ya yi murmushi. "Ai talotalon sun fi wasu mutane ladabi. Akwai gurbi in kana so, mai neman aiki ba ya zaɓe."

"Ba na aiki a ƙarƙashin baƙo a ƙasar kakannina."

"Kakanninka da suka zo daga Norway da akwati ɗaya da ƙwarƙwata?" in ji Lorna.

Noemi ta miƙa wa kawunta hannu ya ɗaga ta kamar yadda ya saba. Ya yi kamar bai gani ba. Verna ta gani sarai. Me ta yi? Ta tashi ta ce, "Wa zai ƙara dankali?"

Da lokacin kaka ya shigo, wata safiya mutanen unguwar da ma'aikatan masana'anta ke zama suka tashi suka tarar da 'yan ledoji a ƙofofinsu. Cikin kowace leda akwai takarda da ɗan hatsin masara don kada iska ta kwashe. Takardar cewa take ƙasar nan ta fararen fata ce, sauran su tattara, da 'ya'yan da aka gauraya musu jini. Noemi ce ta tsinci ta gidansu. Ta zaci abincin tsuntsu ne aka raba, ta kai wa uwarta, tana haɗa baƙaƙen da kanta don ta nuna ta iya karatu.

Da la'asar Lorna ta zo ita kaɗai. Ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta ɗora waya a kan teburin kicin.

"Mama, sa tabarau ki duba."

Hoto ne da samarin suka sa a intanet suna alfahari da aikinsu. Sun jeru, kowa ya rufe fuska da ƙyalle mai zanen haƙoran ƙwarangwal, sun ɗaga hannu, sun ma dusashe bangon da ke bayansu don kada a gane wurin. Amma sun manta da teburin da ke gefe. A kansa ga shuɗin kwano mai guntulen kunne, an cinye rabi, cokali a tsaye.

"Wataƙila irinsa ne," in ji Verna.

"Irinsa? Ni na taso ina wanke kwanon nan. Duk matan coci sun gane shi tun safe, suna ta aika wa juna, ke ce kawai ba a aika wa ba, don mu masu ladabi ne. Masarar ma ta rumbun Baba ce."

"Yara ne, Lorna. Ya daina shan giya."

"Da ya ci gaba da sha. Mashayi kansa yake cuta." Muryarta ta sauka. "Ba ce miki nake ki kore shi ba. Ki karɓe makullin nan, ki dube shi ki ce masa abin da ya yi wa 'yar yayarsa mugunta ne. Da bakinki. In ba ki faɗa ba, Noemi ba za ta ƙara taka gidan nan ba."

"Ba na son tashin hankali a gida."

"Tashin hankalin ya riga ya zo, Mama. Ke kike dafa masa abinci."

Verna ta yi niyya, wannan kam ba a ƙwace mata. Ta sauka har ƙofar ɗakin ƙasa, ta ji shi yana dariya da waya, dariyar da ta daɗe ba ta ji ba, sai ta tuna shekarar kwalba, ta juyo. Asabar ta zo, motocin suka zo. Ba ta kai musu abinci ba, tana ganin wannan ma magana ce. Babu wanda ya ji maganar, sun sayo burodi da nama a hanya.

Ranar Lahadi kujerar kicin ba kowa. Sai ta yi abin da matan garin nan suka iya in baki ya gaza: ta kunna tanda. Ta gasa dankalin yadda Noemi ke so, da ƙarin cuku a sama, kuma don ita ba ta san wani kwanon ban haƙuri ba sai wanda uwarta ta bar mata, a cikin shuɗin ta zuba. Kwanon da duk gari ya gani a hoton. Shi ta ɗauka ta kai ƙofar 'yarta.

Efrain ne ya buɗe. Ya dubi kwanon ya daɗe.

"Na kawo muku ɗan abu ne," ta ce.

"Mun gode, Mama. Akwai wani saƙo da zan gaya wa Lorna?"

Ga ƙofa a buɗe, mutumin kirki ya ba ta dama da hannu biyu. Ta hango kan Noemi a bayan labule.

"Ka ce mata a ɗan ɗumama shi kafin a ci."

Bayan kwana kaɗan ta buɗe ƙofa ta tarar da kwanon a kan dakali, an wanke shi tas, an nannaɗe da tsumman da ta kai shi. Ta ɗaga ta ji ba nauyi. Duk da haka sai da ta buɗe ta leƙa.

A ranar ta je gareji ta sa sabon kwaɗo, ta sauka ɗakin ƙasa ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Abin da ka yi wa Noemi mugunta ne, Royce. Ubanka da yana raye da ya ji kunyarka."

Ya ɗago daga waya, ba fushi a fuskarsa, sai tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

"Mama, kin zaci gareji ne abin? Gareji ya cika ƙasar nan. Ba mu da ofis da za a rufe, ba mu da shugaba da za a kama. Kowa da wayarsa a aljihu."

Kafin ƙarshen mako ya kwashe kayansa ya bi mai jan gemun. Ta kira Lorna ta gaya mata ta faɗa masa, ta kuma rufe garejin. Lorna ta ce Efrain ya riga ya karɓi aiki a can birnin Minneapolis, don yarinyar ta daina yarda ta fita tsakar gida ita kaɗai. Ta ce za su riƙa kira. Suna kira, gaskiya, in Kirsimeti ta zo. Noemi kan gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa tsohuwar da ba a sani sosai ba.

Matan coci har yau ba wadda ta ɗaga mata zancen hoton. Suna tambayarta gwiwa, suna yaba mata furanni. Ƙaramar kujerar na nan a kicin, tana ɗora tukunyar fure a kai.

Da tsohon mai gidan mai na bakin hanya ya rasu a hunturun da ya wuce, Verna ta aika da dankalinta kamar kullum. A cikin kwanon gwangwani mara ƙwari ta zuba, irin na kanti, wanda in an cinye ake murɗewa a jefa a shara. Ba filasta a gindinsa, ba suna.