Likita Zara'u da Baƙuwar Ƙodar Bawa

Tun kafin masu waina su hura wuta a bakin tashar Tasawa, Likita Zara'u Liman ta riga ta ɗora tukunyarta a bayan ɗakin duba marasa lafiya. Ba abinci take dafawa ba, ruwa take tafasawa. Ta auna wa mutum hawan jini, ta latsa ƙafarsa ta ga ko ta kumbura, in jikinsa na buƙatar ruwa ta miƙa masa moɗa, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Shi ya sa ake ce mata Uwar Randa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma abin haushi, rabin masu gaishe ta a kasuwa sun ɗauka mai ba da maganin ciwon baya ce.

Ƙwararriyar likitar ƙoda ce. An tura ta ƙasar waje ta ƙaro karatu kan kula da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da alƙawarin za a buɗe mata sashe na musamman in ta dawo. Ta dawo ta tarar sojoji sun karɓi mulki, masu alƙawarin kuwa ko ƙurarsu ba ta gani ba. Aka ce ta je Tasawa ta ɗan jira. Yau furfura ta cika mata kai, jiran bai ƙare ba. Da wata ce, da tuni ta koma inda ake rububin iliminta. Ita kuwa sai ta shiga neman 'yan tsirarun da aka yi wa dashe a waje suka dawo ƙauyukan Tasawa da Mayahi babu mai bibiyarsu.

Cikinsu akwai Bawa, makiyayi daga yankin Attantane, wanda ƙanwarsa Saudatu ta ba shi ƙodarta guda. Irin wannan ƙodar ba ta son ƙishirwa, kuma dole a riƙa haɗiyar magani a kan kari don kada jiki ya ƙi ta. A shekarar da fari ya ƙafar da rijiyoyinsu, gwajin jinin Bawa ya fara ɓaci. Zara'u ta yi faɗa, ta yi lallashi, Bawa dai ƙasa yake kallo yana cewa "To, Likita." Ta san in ƙodar nan ta mutu babu wata, Saudatu kuma ta yi asarar tata a banza.

Ranar kasuwa ta shiga motar ƙauye ta bi shi. Saudatu ce ta ba mu labarin abin da ya biyo baya. Ashe farin ya kore su sun koma ga surukin Bawa, Malam Ƙadri, mai rijiyar da ba ta ƙafe ba. Ga ruwa nan cikin randa, amma tsohon yana wuni a inuwar da ke kusa da ita, Bawa kuwa ba zai kurɓi ruwa ko ya haɗiyi ƙwaya gaban surukinsa ba.

Ran Zara'u ya ɓaci ƙwarai. Ta ja shi gefe ta ce, "Bawa, ɗiyar mutane an tsaga mata ciki saboda kai, kai ko kunya za ka kashe ƙodar da ita?"

"Likita, ƙaƙa zan yi? Baba na nan zaune."

Ta ga ko za ta wuni tana masifa ba zai sha ba. Tsohon ma kunya ba za ta bar shi ya ce wa suruki "sha ruwa" ba. Sai ta haɗiye fushinta, ta cire takalmi, ta durƙusa gaban Malam Ƙadri.

"Baba, in baƙo ya sabka gidanga, mi aka fara ba shi?"

"Ruwa mana, ɗiyata."

"To akwai baƙuwa gidanka tun da rani ya kama, ba a ba ta ba. Ƙodar da ke cikin Bawa ba tashi ba ce, ta Saudatu ce, kuma babu surukuta tsakaninku. Ƙishirwa za ta kashe ta ƙofar ɗakinka."

Tsohon ya dubi Bawa, ya dubi randar. Can ya sa aka tafasa ruwa. Da ruwan ya huce, ya cika ƙwarya da hannunsa, ya ajiye gaban Bawa, ya juya masa baya ya ce, "Ba kai na ba ba. Baƙuwarmu na ba." Bawa ya kafa kai, hawaye na zuba cikin ƙwaryar. Tun daga ranar, safe da yamma, tsohon ne da kansa ke kai wa baƙuwa ruwa.

Ke ce, Likita, aka koya miki aikin manyan asibitoci, aka hana ki asibitin, kika yi aikin a gindin bishiya. Ke ce mai faɗa kamar za ki daki mutum, alhali tsoron rasa shi ne ke cin ranki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma matasan likitocin da ake turawa ƙaro karatu, ku dawo, ko da ba a cika muku alƙawari ba. Masu iko kuwa, na soja da na farar hula, ku ji kunya ku buɗe sashen nan tun tana da ƙarfin koyar da wasu.

Malam Ƙadri ya rasu bara. Bawa na nan da ransa, yana bin shanunsa da gorar ruwa a kafaɗa. Saudatu ta ce har yau in zai sha, sai ya juya wa inuwar tsohon baya.