Karkaren Maman Becky

Duk wanda ya ci dambun acca a wani biki a Unguwar Boro a shekarun nan, to girkin Maman Becky ya ci. Ainihin sunanta Hannatu. Daga wajen Zonkwa ta zo tana amarya, mijinta Baba Matthew yana aiki a masaƙa a Kakuri, ita kuma ta kama dambu. Ni Ruth, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tare muke Zumuntar Mata, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Matar nan ba ta san awo ba. Tafin hannunta ne cokalinta. In an sauke dambu daga madambaci, sai ta kore mu gefe, ta zuba man gyaɗa da zogale da dafaffen ƙwai, ta murza da yatsunta har ya warware. Mu namu wanke tukwane da hura wuta. Ka kuskura ka kai hannu, ka sha ludayi. Har "Gwamna" muke ce mata, a bayan idonta dai.

To, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka sa bikin Becky, 'yarta tilo. Ta yi wa 'ya'yan kowa dambu, yanzu ga nata ya zo. Ana saura 'yan kwanaki ƙayar kifi ta soke ta a gefen farce. Ta tsotse, ta ci gaba da aiki. Yatsa ya kumbura, ya yi ja, yana zogi. Karkare ke nan. Me za ta yi? Ta huda lemun tsami ta cusa yatsan ciki, tana yawo da shi a unguwa kamar an sa wa yatsa hula.

A haka Sista Irene ta gan ta. Irene nas ce, 'yar yayarta, kuma ba ta da wasa in an zo maganar ciwo. Ta cire lemun, ta ga farin ruwa ya taru, ta ja ta asibiti aka tsaga, aka naɗe, aka ba ta magani. Da suka dawo, a gabana ta ce, "Anti, hannun nan ba zai shiga dambu ba."

"Ke Irene, ni na yi wa uwarki wankan jego da aka haife ki fa!"

"Na sani, Anti. Amma ki saurara. Ƙwayar cuta ce, muna ce mata sitaf. A madubin asibiti ƙanana ne, a dunƙule kamar ƙwan kifi. Da yawanmu muna ɗauke da ita a hanci da fata, ba ta yi mana komai. In ta sami ƙofa, ko ta ƙaya ce, sai ta shige ta tara ruwa. Ita ce maruru, ita ce wannan. In kuwa ta faɗa dafaffen abinci aka rufe a kula da ɗuminsa tun safe har yamma, sai ta hayayyafa ta zuba guba."

"Sai a sake ɗumamawa. Wuta ta taɓa barin wani abu?"

"Wuta tana kashe ƙwayar, ba ta kashe gubar. Kafin a gama rawa, surukanki suna layin bayan gida, ga amai ga gudawa. Tsofaffi da yara kuwa sai an kai su ƙarin ruwa."

Maman Becky ta ce to za ta yi da hagu. Na kwashe da dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "Yaya Hannatu, ki murza wa surukai abinci da hagu? Gara ki ce ba ki son auren!" Irene ta ƙara da cewa ai da hagun take shafa ciwon. Baba Matthew yana gefe yana sauraron rediyo, ya ce, "Hannatu, soja ma sun sauka. Ke kaɗai kika rage." Ta jefe shi da lemun.

Wallahi na tausaya mata. Tsoro biyu ne suka kama ta. In ta sa hannu, mutane su kwanta a bikin 'yarta. In ba ta sa ba, dambu ya fito a cure, dangin ango su koma gida suna cewa ashe sunan banza ne.

Ranar biki muka ajiye mata kujera a tsakar gida, nesa da tukwane. Irene ta duba hannun kowacenmu, ni da Grace da sauran matan Zumunta, ta sa muka wanke da sabulu, ta ce a gauraya da muciya, kuma kada a sauke sai an kusa fitowa daga coci. Gwamna tana kan kujera, yatsa a ɗage, tana ta ba da oda. "Ruth, man nan na ubanki ne kike tsiyaya shi haka? Grace, ɗaga daga ƙasa, ba tuwo kike tuƙawa ba!" Raina ya ɓaci, na ce in ta ƙara ambaton ubana zan zuba sukari a ciki.

Can na juya ɗauko gishiri, sai na gan ta tsaye a kan babbar roba, ta miƙa hannu, bandejin ya kusa taɓa dambu. Ta dubi dambun, ta dubi yatsan. Sai ta mayar da hannun bayanta, ta riƙe shi da ɗayan. Ta ce, "Ruth, zo. Ki ɗebi gishiri a tafinki in gani. Rage. Yauwa, haka nake yi." Abin da ta ɓoye mana tun zuwanta unguwar nan, a tsaye ta koya mana shi.

Dambu ya fito warwas. An ci, an ƙara, har masu ganga sun ɓoye nasu a leda. Ba wanda cikinsa ya ko murɗa, na bi sawu na tambaya. Uwar ango ta zo ta kama Maman Becky tana cewa ba ta taɓa cin irinsa ba. Na zuba ido in ga ko za ta karɓe yabon. Sai ta ɗaga bandeji ta ce, "Ba ni ba ce. Ga su can, masu toka a ka." Ta kira mu da sunayenmu, aka yi mana tafi. Kai, na ji daɗi!

Aka kawo mata nata kwanon. Ta kama cokali da hagu, dambu yana zubewa a zaninta. Becky ta hango daga teburin amare. Ta tattara farar rigarta, ta ratso cikin mutane, ta durƙusa a gabanta, ta karɓi cokalin.

"Mama, buɗe baki."

"Ke, tashi, za ki ɓata riga."

"Buɗe, Mama."

Ta buɗe. Tana taunawa hawaye yana bin kumatunta, Becky tana share mata da gefen mayafin amarci. Ta haɗiye, ta ce, "Ƙaro min."